Wanda Ya Koya wa Mai Tawul Guduma

Ranar Talata, kwana na biyu da kai na'urarmu gidan gem ɗin Kawu Shibutani a unguwar Juso ta Osaka domin gwaji, wani mutum ya shigo da rigar aiki ruwan toka, ya jefa kwandalar yen ɗari, ya yi abin da mu da muka ƙera wasan ba mu san yana yiwuwa ba.

Ina tsaye jikin na'urar sayar da lemo, riƙe da gwangwanin kofi da ya daɗe da hucewa. Haka ƙa'idar gwaji take. Kamfani ya kai wasan da bai gama nuna ba wani gidan gem na mako biyu, ya ajiye littafi da biro a gefe don 'yan wasa su rubuta ra'ayinsu, mu kuma mu tsaya nesa kamar 'yan kallo. Ba bajon kamfani a ƙirji, ba magana da kowa. Ko a gabanka aka zagi wasan tas, sai dai ka kurɓi kofinka.

Wasan faɗa ne na mutum biyu, jarumai shida, sanda ɗaya da maɓallai huɗu. A damunar 1991 ko suna bai samu ba, Lamba Bakwai muke ce masa a ofis. Kowane jarumi yana da bugu na sirri da ba mu rubuta a takardar da ke manne jikin na'urar ba, don mu ga kwana nawa za a yi kafin wani ya lalubo shi. Shugaban sashenmu, Horiuchi, wanda muke kira Kacho, ya kirdadi kwana goma.

Mutumin ya zaɓi Kumazo, ɗan dakon tashar jirgin ruwa, wanda bugunsa na sirri muke kira Guduma: ya haɗa hannu biyu ya sauke su a kan abokin karawa. A zagayen farko ya fitar da Guduma sau uku. A na biyu sai ya sa Kumazo ya durƙusa ya share ƙafar abokin faɗa, kuma kafin ƙafar Kumazo ta koma mazauninta, Guduma ta riga ta sauka. Babu tazarar da mutum zai kare kansa. A dokar wasanmu, bugu sai ya gama ya koma kafin wani ya fita, kuma ni na rubuta dokar da hannuna.

Abokin karawarsa, wani ɗalibin jami'a mai tabarau, ya juyo ya dube shi.

"Kai, Yaya, wannan kuma fa? Ai ban ga ta inda zan kare ba!"

"To ƙara wani tabarau a kan wannan," in ji mutumin, ko ɗagowa bai yi ba. "Akwai wata kwandalar, ko za ka ba mutane wuri?"

Sau goma sha ɗaya ya ci a jere. Sannan ya duba agogo, ya tashi ya bar Kumazo tsaye yana shan duka, ya fice.

Ƙarfe uku na rana ina gaban teburin Horiuchi a ofishinmu na hawa na huɗu. Na faɗa masa abin da na gani. Ya sa na maimaita, sannan ya tashi ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi.

"Kwana biyu," ya ce. "Iseki-kun, ka taɓa ganin hannun da ya koyi irin wannan a kwana biyu?"

"Ban taɓa ba, Kacho."

"Ni ma haka. Wannan hannu ya yi makonni yana taɓa wasanmu. A ina?"

Allon lantarkin da duk wasan ke cikinsa guda uku ne a duniya. Ɗaya yana Juso, kulle a cikin na'ura, makullin yana aljihun Horiuchi. Biyu suna ofis. A shekarun nan idan allo ya yi kwana uku a hannun da bai dace ba, bayan wata biyu sai ka ga jabunsa a kasuwa da wani suna, aikin shekara biyu ya tafi a banza. Kuma kowa a sashenmu ya san allo ɗaya ya taɓa kwana a waje. A hutun farkon watan Mayu, abokin aikina Nagatomo ya naɗe shi a bargo ya tafi da shi gida har kwana biyar, don ya ƙarasa daidaita bugun jarumai. Lokacin Horiuchi kau da kai ya yi, don aikin yake so.

Nagatomo shi ya tsara yadda kowane jarumi yake bugu da yadda yake faɗuwa. Shi ne kuma ya tsinto ni shekara shida kafin nan a wani shagon gyaran talabijin a Nipponbashi, ina koya wa kaina rubuta wa na'ura umarni daga tsofaffin mujallu. Ya kai ni gaban manya ya ce, "Wannan ba shi da takarda, amma na'ura tana jin maganarsa."

"Ranar Litinin a taron safe nake son rahoto," in ji Horiuchi. "Da hatiminka a ƙasa. In ta tabbata ta hannun Nagatomo abin ya fita, ya sauka daga Lamba Bakwai, sunansa ya fita daga jerin waɗanda suka ƙera wasan, ya tafi ma'ajiyar Amagasaki ya riƙa goge ƙurar tsofaffin na'urori har ya gaji ya ajiye aikin da kansa."

"Me ya sa ni, Kacho?"

"Don kai ko ɗaki ɗaya ake da kai, mantawa ake yi kana nan."

Daga ranar na fara kallon Nagatomo da wani ido. Teburinsa yana fuskantar nawa, kuma duk abubuwan da na saba gani shekara shida suka sake kama. Yana kulle aljihun teburinsa in zai fita. Da ma yana yi, ko yanzu ya fara? Ya yi sabon takalmi. Waya ta yi ƙara, ya ɗauka, ya juya mini baya, ya ce, "Zan kira ka daga waje." Na rubuta lokacin a bayan tikitin jirgi.

Ranar Laraba ya dunƙule takarda ya jefe ni da ita a ka.

"Ise, lafiyarka kuwa? Tun safe kake harara ta kamar na auri ƙanwarka a ɓoye."

"Ba komai, Naga-san. Kaina ke ciwo."

"Au, kana da shi ashe. Zo ka ga wannan."

Shafukan littafin Juso ne da aka kawo. Wani ya rubuta cewa mai rigar toka ɗan kamfani ne, an turo shi ya cinye wa mutane kwandaloli. Wani ya ce aljani ne. Wani ya zana Kumazo da rigar aiki ruwan toka. Nagatomo yana ta dariya har da buga tebur.

"Ka ji wai ya haɗa shara da Guduma. Ni na haife su, ban san suna zumunci ba. Ina ma in ga mutumin nan in saya masa giya."

Na ce a raina, ko dai ka riga ka saya masa.

Akwai tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun ranar Talata. Ba wanda ya koya wa mutumin ba, a'a, dalilin da ya sa na'urar ta yarda masa. Sau biyu tambayar ta zo mini, sau biyu na kore ta. Bin sawun Nagatomo ya fi sauƙi.

Ranar Alhamis aka wuni ana ruwa. Da lokacin abincin rana ya yi, Nagatomo bai sauka shagon taliyar udon na ƙasan bene kamar kullum ba, sai ya nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na bi shi, tarago ɗaya a tsakaninmu, har Umeda. Ya shiga shagon kofi na wani otal. Na tsaya a tsallaken titi ƙarƙashin lemata, ina hango shi ta gilashi. Wani mai baƙar kwat ya miƙe ya tarbe shi, suka yi musayar kati da hannu bibbiyu suna rusunawa. Na san mutumin, na taɓa ganin sa a bajekolin na'urori, yana yi wa wani kamfanin gem na Tokyo aiki. Minti arba'in suka yi. Da za su rabu ya turo wa Nagatomo wata babbar ambulan ruwan ƙasa. Nagatomo ya dubi hagu, ya dubi dama, ya zura ta a jaka.

Na ɗauka baƙin ciki zan ji. Sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka, har na tsaya a tasha na ci abinci na ƙoshi.

Saura in samu mahaɗi tsakanin mutumin Tokyo da mai rigar toka. Ranar Juma'a na isa Juso ƙarfe tara da kwata, kafin a buɗe. Ƙofar ƙarfe tana ɗage rabi, na sunkuya na shiga. Kawu Shibutani yana shara, na'urori duk a kunne suna ta kiɗa ba kowa a gabansu.

"Ba mu buɗe ba tukuna. Au, kai ne, mai shan kofi da sanyinsa."

"Kawu, mutumin nan mai rigar toka, ka san shi?"

"Kanemaru? Ai mai tawul ne. Ga shi can, ya jibge mini kaya a bakin ƙofa ya je ya dasa kansa."

Kanemaru zai kai shekara talatin da biyar. Kowace safiya shi ke rarraba jiƙaƙƙun tawul na goge hannu a gidajen abinci da gidajen gem na unguwar, ya kwashe na jiya. Yana zaune gaban Lamba Bakwai, hannu a harɗe, bai jefa kwandala ba. Na karya ƙa'idar gwaji, na je na tsaya a gefensa.

"Ɗan'uwa, wa ya koya maka haɗa shara da Guduma?"

"Guduma kuke ce mata? Ni Sauke Kaya na sa mata." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan sanda ne ko ɗan kamfani? Fuskar ta ɗan sanda ce, takalman na ɗan kamfani."

"Tambaya kawai nake yi."

"To zauna. Malamin nawa ba ya zuwa sai tara da rabi."

Na zauna, idona yana kan ƙofa. Na riga na shirya ganin ƙafafun mai baƙar kwat sun sunkuyo, ko ma sabon takalmin Nagatomo. Tara da rabi ta yi, Kanemaru ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ba can ba, sakarai. Nan."

Ya nuna gilashin na'urar.

Idan ba wanda yake wasa, na'ura takan yi faɗa ita kaɗai don ta ja hankalin masu wucewa. Ba ita take tunanin faɗan ba. Wani a ofis ne yake bugawa, a naɗi motsin hannunsa, na'urar ta riƙa maimaitawa. Faɗa huɗu muka sa, Horiuchi ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar ba bugun sirri a ciki. Abin da ya fito yanzu ba ya cikin huɗun. Na biyar ne. Ni na naɗe shi wata rana a watan Afrilu, don in gwada ko wurin ajiyar zai ɗauka. Na sa kada ya fito sai na'ura ta yi rabin awa ba a taɓa ta ba, da niyyar in goge shi daga baya, sai na manta. A ofis ba a taɓa barin na'ura rabin awa ba. A Juso ma layi ake yi mata har a rufe. Sai dai tsakanin ƙarfe tara da Kawu yake kunna wuta da ƙarfe goma da yake ɗage ƙofa, lokacin da ba kowa a ciki sai mai shara da mai tawul.

"Duba da kyau," in ji Kanemaru. "Kafin ya sauke kaya sai ya ɗan durƙusa, ya ɗan matsa gaba. Ƙasa, gaba, naushi. Ranar Litinin sau wajen ashirin na kalle shi, don in ya fara ba ya dainawa sai an jefa kwandala. Yauwa, ga ta nan! Ka gani? Ƙafar ba ta koma ba." Ya yi tsaki na jin daɗi. "Sai dai wanda ya buga wannan, hannunsa na hagu ba lafiya. Duk lokacin da zai ja baya sai ya makara. Har tausayi yake ba ni."

Na zura hannuna na hagu a aljihu.

Yatsu biyu na wannan hannu ba sa lanƙwasa sosai, tun ina ɗan shekara goma sha tara da injin matse ƙarfe ya kama su a wata masana'anta. Shi ya sa ni da na rubuta Guduma ba na iya fitar da ita. Na'ura tana sauya hoto sau sittin a daƙiƙa ɗaya, kuma a lissafin Nagatomo dole ƙasa da gaba da naushi su zo cikin ƙayyadadden adadin hotuna, ko a ƙi su. Kunyar a riƙa kiran wani ya gwada mini aikina ta sa na ƙara wa na'urar haƙurin hoto huɗu. Duk gyara a wurinmu sai an rubuta shi a takarda Horiuchi ya buga hatimi. Wannan ban rubuta ba. Haƙurin nan shi ya buɗe ɓarakar da Guduma take shigowa ƙafa ba ta koma ba, kuma hannuna ya bi ta ciki sau ɗaya a wannan naɗin ba tare da ni kaina na lura ba.

Kanemaru ya miƙe ya ɗauki kwandon tawul.

"In kai ɗan kamfanin ne, ka gaya musu kada su cire. In suka cire, na daina kawo muku tawul."

"Ai ba ka kawo mana tawul."

"To zan fara, don in samu in daina."

A jirgin komawa na gane rahoto biyu nake da su, kuma babu ƙarya ko kalma ɗaya a cikin kowanne. Na farko zai ce allo ya kwana biyar a gidan Nagatomo, kuma an ga Nagatomo yana karɓar ambulan daga hannun ɗan wani kamfani. Na biyu zai ce Iseki ya yi gyara a ɓoye, ya bar naɗin da ya tona sirrin wasa. Na yi ta juya su. In Nagatomo yana shirin sayar da mu, ko ya riga ya sayar, laifi ne in bar shi ya faɗi a kan abin da bai yi ba, alhali ya yi wanda ya fi shi? Shi in ya faɗi yana da takardar jami'a, yana da mai baƙar kwat da zai tare shi. Ni in na faɗi, shagon talabijin ɗin ma an rushe shi an gina wurin ajiye motoci. Duk hujjojin suka jeru tsaf, kuma na lura duk inda na juya su ni suke karewa. Wannan ya sa na ƙi yarda da su, amma bai sa na buɗe baki ba.

Ranar Asabar rabin wuni muke yi. Horiuchi ya tare ni a wurin wanke hannu.

"An samu wani abu?"

Na buɗe baki don in ce hoto huɗu. Abin da ya fito shi ne, "Ranar Alhamis na gan shi a Umeda da wani mutumin Tokyo."

Ya gama goge hannunsa a hankali. "Shi ke nan. Ni zan rubuta rahoton, kai ka zo da hatiminka kawai."

Da aka tashi, Nagatomo ya ja ni wani shagon okonomiyaki a bayan tasha. Shi ya riƙa juya wainar a kan ƙarfe kamar yadda ya saba, don ya ce ni ɓata ta nake yi. Sai da ya yanka mini rabona ya yi magana.

"Lemarka ta fi kowace lema muni a Osaka, Ise. Ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo. In za ka bi mutum, ka ari ta wani."

Na ajiye lomar da na ɗauko.

"Kacho ne ya sa ka, na sani. Tun Talata ya daina yi mini faɗa, nan na gane akwai magana."

"Naga-san, me ke cikin ambulan ɗin?"

"Ci abincinka."

"In ka gaya mini..."

"In na gaya maka sai ka yarda? Kai da ka tsaya minti arba'in cikin ruwa?" Ya zuba wa tasa wainar miya. "Allon nan daga ofis sai ɗakina, daga ɗakina sai ofis. Matata ma ban bari ta share kusa da shi ba. Sauran kuma ba ruwan kowa. Ka rubuta abin da ka gani."

Na dube shi sosai ina neman alamar ƙarya ko ta gaskiya. Ban ga kowacce ba. Mutum ne kawai yana cin abinci.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Ƙarfe takwas da minti talatin da biyar na kunna na'urar da ke tsakiyar ofis, na manna takarda a kan sandar: kada a taɓa. Ƙarfe tara muka jeru a tsaye, mu goma sha huɗu, aka yi gaisuwar safe. Horiuchi ya fara da maganar kula da sirrin kamfani, rahoton yana hannunsa, da gurbin hatimina a ƙasa. Ba wanda ya dubi Nagatomo, kowa ya samu wani abin kallo a ƙasa ko a bango.

"Iseki-kun, matso."

"Kacho, a yi mini haƙurin minti ɗaya. A dubi na'ura."

Sai da muka yi kusan minti biyu a tsaye ana kallon faɗa na uku, wanda kowa ya haddace. Wuyan Horiuchi ya fara ja. Sannan gilashin ya yi duhu, na biyar ya fito. Kumazo ya sauke Guduma, wani a baya ya ce "Kai!" Kumazo ya durƙusa ya yi shara, Guduma ta biyo ƙafar ba ta koma ba.

"Hannun wa ne wannan?" in ji Horiuchi.

Nagatomo ne ya amsa, idonsa yana kan gilashin. "Ba mai ja da baya kamar tsohuwa a kan matakala sai mutum ɗaya a ofishin nan."

Na rusuna, na faɗi komai ina rusune: naɗin Afrilu, rabin awar, mai tawul, hoto huɗun, da takardar da ban rubuta ba. Ban ga fuskar kowa ba, takalma kawai nake gani. Na ji ƙarar takarda ana ninke ta biyu, ana ninke ta huɗu.

"A toshe ɓarakar yau," in ji Horiuchi.

"A toshe?" in ji Nagatomo. "Kacho, ka karanta littafin Juso na jiya? Shafi ashirin, duk a kan wannan abu. Daga Kobe ake zuwa don a gwada. Shekara biyu muna neman abin da zai sa mutum ya tashi daga kujera ya koma bayan layi, ga shi wawan nan ya yi mana shi bisa kuskure."

Aka yi ta ja har kusan sha ɗaya. A ƙarshe Horiuchi ya yarda a bar shi, bisa sharaɗin ko da wasa kada wani ya ce kuskure ne, in 'yan mujalla sun tambaya a ce da gangan aka tsara. Nagatomo zai ci gaba da riƙe Lamba Bakwai, sunansa yana nan. Ni zan rubuta takardar neman gafara in buga mata hatimi, sunana ba zai fito ba, kuma ranar da wasan ya shiga kasuwa ni zan koma Amagasaki. Ban ga rashin adalci a ciki ba.

Da rana na sami Nagatomo a matakalar baya, inda ake shan taba. Ya matsa mini wuri ba tare da ya dube ni ba.

"Yaushe ka sani?"

"Juma'a da safe."

"Juma'a." Ya busa hayaƙi. "Ɗazu Kacho ya kira ni ya ce in yi hattara da shagunan kofin Umeda. Ya ce ranar Asabar ya ji."

"E."

"Daga bakinka."

"E."

Ya ɗaga yatsu yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, Juma'a, Asabar, ya tsaya a nan. Na jira ya zage ni, har addu'a nake yi ya zage ni. Maganar Umeda ba ta shiga kowane rahoto ba, amma ta shiga kunnen Horiuchi, kuma mu duka biyu mun san bayan Lamba Bakwai ba za a sake damƙa masa wani wasa a kamfanin nan ba.

Ya murtsuke tabar a jikin gwangwani, ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa.

"Tashi. In muka bar wa Kumazo shi kaɗai, zai cinye kowa. Sauran biyar ɗin ma kowanne sai an buɗe masa tasa ɓarakar, kuma wannan karon a rubuce."

Wata huɗu muka yi a kan aikin, teburinsa yana fuskantar nawa. Ya riƙa faɗa mini adadin hotuna, ina rubutawa.